Hancin matakala a kan laminet: gam ne ko sukuru, kuma wane iri zan saka?

Sabon_Maigida ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu aikin katako da masu shimfiɗar ƙasa ku taimaka min da shawara kafin in ɓata kaya. An shimfiɗa mana laminet mai kaurin mili 8 a saman bene gaba ɗaya, falo da korido, irin wanda ake maƙala shi da juna ɗin nan ba gam ba ƙusa, ƙarƙashinsa akwai soso siriri. Aiki dai ya yi kyau ba laifi. Yanzu saura matakala, taku 14 ce, ta kankare ce an yi mata filasta amma ba a saka tayil ba, kuma so nake a bi ta da irin laminet ɗin don kala ta zama ɗaya tun daga ƙasa har sama.

Inda gizo ke saƙa shi ne bakin matakalar. Na je neman sandar nan da ake rufe baki da ita, hancin nan, sai na tarar ashe iri biyu ne, akwai mai leɓe wanda yake hawa kan laminet ɗin ya rufe shi, akwai kuma wanda yake zama daidai da shi lebur ba wani tudu. Wanda ya yi min shimfiɗar yace kawai a saka mai leɓe ko'ina a zuba masa ƙusa ta ratsa har cikin laminet ɗin shikenan an gama, wai haka yake yi kullum. Ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda mahaifiyata tana tare da mu kuma ƙafarta ba ta da ƙarfi sosai, ga yara da ba sa sauka a hankali sai da gudu.

To wanne ya kamata in saka? Gam kaɗai zai riƙe a kan kankare ko sai da sukuru? Sannan sosan nan na ƙasa shi ma ana saka shi a matakala? Na gode.

Tsohon_Kafinta ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana ka yi kyau da ka tsaya ka tambaya, kar ka bari a buga ƙusar nan.

Ka fara gane abu ɗaya tukuna, laminet ɗin da ke saman benenka da wanda za ka saka a matakala kaya ɗaya ne amma zama biyu ne. Na sama a kwance kawai yake kamar tabarma, ba abin da ya riƙe shi sai nauyinsa, kuma da gangan aka yi shi haka domin cikinsa garin katako ne da aka matse, in iska ta yi danshi ya sha ya buɗe, in ta bushe ya tsuke. Shi ya sa ake barin fili mili 8 zuwa 10 a jikin bango ta kowane ɓangare. To ranar da ka buga ƙusa ta ratsa shi a bakin bene ka ɗaure shi ke nan ta gefe guda, in ya tashi buɗewa bai da wajen zuwa sai sama, sai ka ga tsakiyar korido ta yi tozo ko haɗin ya fara buɗe baki, kuma ba ranar za ka gani ba sai yanayi ya juya, lokacin mai aikin ya daɗe da tafiya.

Na matakala kuwa akasin haka ne, ba a yarda ya motsa ko kaɗan ba. Kowane taku manne shi ake da gam kai tsaye a jikin kankare, ba soso a ƙasa. Soso a matakala haɗari ne, yana lotsawa in an taka, allon ya yi ƙasa hancin ya tsaya, a hankali haɗin ya karye. In ma laminet ɗinka irin wanda aka liƙa masa soso a baya ne tun daga kamfani, duba takardar da ke cikin kwalin, da yawa cewa suke a ɓare shi kafin a manna a matakala.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce duka biyun za ka saya. Taku na can sama, inda korido ya ƙare, nan ne wurin mai leɓe, guda ɗaya tak. Gindin hancin ka manna shi a kankare, laminet ɗin koridon ya shigo ƙarƙashin leɓen da ɗan filinsa a ɓoye yana shiga yana fita yadda yake so. Sauran takun kuma mai lebur, tunda allon a manne yake ba inda zai je, ba ka buƙatar leɓen da zai rufe komai.

Na saman nan shi ne mai ɗan wahala tunda an riga an shimfiɗa. Ka ɗora hancin a busashe, ka ja layi inda gindinsa ya tsaya, ka ƙara filin motsi, sai ka yanke laminet ɗin a kan wannan layin ka yanke sosan ma, kankare ya fito tsirara inda gam zai zauna. Kafin ka matsa gam ka liƙa tef ɗin masu fenti a bakin laminet ɗin, don in gam ya tsiyayo ya kama leɓen da allon to ka koma gidan jiya, daidai yake da ka buga ƙusar. Wani lokaci kuma za ka ga laminet da soso sun fi gindin hancin tsayi, leɓen ya hau amma gindin yana lilo bai taɓa ƙasa ba, nan sai ka yanka siririn katako ka manna a ƙasa ya cike, kar ka ce gam zai cike wannan ramin, ba zai cike ba.

Mai_Awo ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan motsi, ni ta wani gefen zan shigo wanda mutane ba sa kula da shi sai an faɗi.

Malam kafin ka yanka ko allo ɗaya, ɗauki tef ka auna tsayin kowane taku ka rubuta a takarda, duka 14 ɗin, dama da hagu. Ƙafar mutum taku biyu uku na farko take koyon tsayin matakala, daga nan ba ta ƙara dubawa, in ɗaya ya fi 'yan'uwansa ko ya gaza nan ake tuntuɓe. A dokar ginin gidajen zama da yawancin jihohin Amurka ke bi, bambanci tsakanin taku mafi tsayi da mafi gajarta ba a yarda ya wuce mili 9.5 ba, tsayin taku kar ya wuce kamar mili 196, faɗin wurin sa ƙafa kar ya gaza mili 254, hancin kuma ya leƙo gaba tsakanin mili 19 zuwa 32. A Ingila na gidan zama sun bari har mili 220 a tsayi, faɗin kar ya gaza 220. Ba wai ina cewa dokarsu ta hau kanka ba, amma wancan mili 9.5 ɗin ma'auni ne mai kyau ko a ina kake.

Ga yadda abin ke shafarka. In ka ɗora mili 8 da gam, a ce mili 10, a kan kowane taku, na tsakiya ba abin da ya canja tunda kowa ya ƙaru daidai. Na farko da na ƙarshe ne ke canjawa. Na ƙasa zai ƙaru da mili 10 in ba a ƙara komai a dandamalin ƙasa ba. Misali in duk 170 ne, na farko ya koma 180, ka ga ka riga ka wuce iyaka. Amma sau da yawa in an zuba matakala kafin a saka tayil a ƙasa, tayil da simintinsa sun riga sun cinye na farkon ya zama gajere, to nan laminet ɗin gyara ma zai yi. Shi ya sa nace ka auna, kar ka yi zato. Na sama kuma tunda koridon ya samu mili 8 da soso, takun da ke ƙarƙashinsa ma zai samu kusan haka, ya kamata su tafi daidai in filastar ba ta yi wasa ba.

In ka tarar bambancin ya yi yawa, da siminti ake gyarawa tun yanzu, ba da gam ba.

Akwai tsohon lissafi na wani maginin Faransa, Blondel, tun ƙarni na 17: tsayi sau biyu ka haɗa da faɗi ya ba ka kusan santimita 63, tsawon takun mutum ke nan. Gwada da naka ka gani, in ya yi nisa da haka sosai to matakalar ce da kanta mai tsauri, sai ka ƙara kula da maganar santsi.

Sabon_Maigida ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Baba, Malam Mai_Awo na gode ƙwarai. Na auna, yawancinsu tsakanin 168 da 172 suke, na ƙasa ne 160 saboda tayil kamar yadda ka faɗa, ka ga ke nan zai dawo daidai. Sai dai bakin wasu takun ya ɗan gutsuttsure, wasu kuma birkila ya ɗan zagaye su da cokali ba su da kusurwa. Wannan zai hana? Sannan har yanzu ba a ce min komai ba a kan gam ko sukuru.

Maman_Biyu ta rubuta:

Bari in sa baki a matsayin wadda take share matakala ba wadda take kafa ta ba. Namu mai leɓe aka saka a kowane taku daga sama har ƙasa, irin shawarar da mai shimfiɗarka ya ba ka ɗin nan, kuma wlh ban ji daɗinsa ba. Tudun ba shi da yawa, mili biyu ko uku ne, a ido ba komai ba ne amma in kana saukowa da silifas dunduniya tana kama shi, sannan tsintsiya ba ta iya fitar da ƙura daga taku zuwa taku, duk sai ta taru a bayan leɓen ta yi baƙin layi, sai ka bi da tsumma kana ƙwaƙulewa da farce. Wanda ya yi mana kuma ƙananan ƙusoshi ya harba kawai ba gam, ba a daɗe ba na uku daga ƙasa ya fara ƙara in an taka, daga baya ya ɗaga gaba ɗaya.

Tunda ka ce akwai Mama a gidan, ni da zan ba ka shawara ka duba na alminiyom mai roba ko mai ƙaiƙayi a sama. Na san ba zai yi kyan na kalar katako ba amma laminet da safa ko jiƙaƙƙiyar ƙafa santsi ne da shi ba kaɗan ba, kuma idon tsofaffi in komai kala ɗaya ne daga sama ba sa gane inda taku ya ƙare, musamman da magariba kafin a kunna wuta. In ma ba ka son ƙarfe, ko hancin ya ɗan fi allon duhu. Kuma a saka mariƙi a jikin bango in babu.

Abu na ƙarshe, kar a riƙa wanke ta da ruwa a bokiti. Tsumma a matse shi sosai. Ruwa in ya shiga ta haɗin hancin cikin yana kumbura kuma ba ya komawa.

Ɗan_SPC ya rubuta:

Oga maganar sukuru ka manta da ita. Gam na yanzu ba irin na da ba ne, in ka samu na cikin bututu wanda ake matsawa da bindiga, ko mai foliyuretan ko wanda aka rubuta MS a jiki, in ya kama sai dai hancin ya karye amma ba zai saki ba. Kar dai ka yi amfani da farin gam na kafintoci, ba ya kama kankare, kar kuma silikon, shi toshe kafa ne aikinsa ba riƙe nauyi ba. Shi kuma gam ɗin nan mai wari da ake shafa wa fuska biyu a jira ya sha iska, yana kamawa nan take ba ya ba ka damar gyara zama kuma ba ya cike ɗan rami, ban so shi a matakala.

Yawancin wanda ka ji yace gam ya saki, ba gam ba ne, ƙura ce. Ya manna a kan garin siminti, to garin ya kama ba kankaren ba. Ka kankare duk wani fenti ko busasshen siminti da ya ɗiga, ka share, ka bi da injin zuƙar ƙura in akwai, ka shafa tafin hannunka in ya fito fari to ba ka gama ba, filastar da ke zubar da gari sai an shafa mata firaima, wato shafin share fage da ke kama garin, ta bushe. Bayan hancin shi ma sumul yake zuwa, goge shi da samfefa mai kaushi lamba 60 ko 80 ka share da busasshen tsumma. Gam ɗin ka ja shi a karkace kamar tafiyar maciji a ƙasan hancin da kuma ta cikin kwanar, kar ka kai shi dab da baki don kar ya fito, ka danna ka ɗan murza shi dama da hagu ya baje, ka ɗaure shi da tef ɗin fenti duk bayan tazarar hannu, ka ɗora nauyi, kwalayen laminet ɗin da suka rage ma sun isa. Awa 24 ba mai takawa. In gam ya fito ka goge shi tun yana ɗanye, mai foliyuretan in ya bushe a fuskar allo sai ka yi da gaske.

Kuma kankaren in sabo ne gwada danshi. Yanki leda kamar santimita 45 kowane gefe ka liƙe ta da tef ta ko'ina a kan taku ɗaya, ka bar ta ta kwana ta wuni, in ka ɗaga ka ga gumi a ƙasanta ko wurin ya yi duhu to jira, bai bushe ba. Da shimfiɗar SPC ce ma da sauƙi tunda allonta garin dutse ne da roba ruwa ba ya kumbura shi, amma laminet ba ya yafiya.

Bakin da ya gutsure dole ka gyara. Kafa katako miƙaƙƙe a fuskar takun ka cike da simintin gyara ka fitar da kusurwa, domin nan ne duk nauyin mai saukowa yake sauka, in ƙarƙashin hancin rami ne zai tsage a tsawonsa.

Na saman kuma ban yarda dole sai mai leɓe ba, da girmamawa ga Baba. Ni abin da nake yi in maigida ba ya son tudu a bakin bene, wanda gaskiya nan ne ya fi haɗari, sai in manne ɗan filin saman da gam in saka mai lebur, sannan in raba shi da sauran koridon da sandar haɗi a bakin ƙofa ko inda ya dace, motsin ya koma can. Kuma ni daga sama nake farawa in sauko, ba na taka abin da na manna.

Tsohon_Kafinta ya rubuta:

Ɗan_SPC ka iya aiki, maganar ƙura da ka yi ita ce rabin aikin. Dabarar raba filin sama ma tana yi, amma sai in akwai ƙofa ko wata kwana kusa da za ka ɓoye sandar. Shi yace korido ne ya zo har bakin bene, in ya saka sandar haɗi taku ɗaya kafin matakala ai tudun bai tafi ba, matsar da shi kawai ya yi baya, kuma zuwa wurin da ƙafa ba ta sa ran samunsa. Gara leɓen a baki inda kowa ya san akwai baki. Ya nemi mai siririn leɓe wanda ya kwanta a hankali ba mai dunƙule ba.

Inda na saɓa da kai shi ne farawa daga sama. Da mai lebur daga ƙasa ake hawa, ga dalili. Ka manna allon fuska, wato wanda ke tsaye, na taku na farko, ka ɗora hanci ya rufe kansa, ka shigar da allon taku cikin tsagin hancin ya tafi har baya, sai allon fuska na biyu ya sauko ya zauna a kansa ya ɓoye yankan bayan. Haka har sama, kowane yanka akwai wanda ya rufe shi. In ka sauko daga sama allon taku ne zai je ya tokari fuska, yankanka a fili, in zarto ya ɗan kauce kowa zai gani sai ka koma cikewa da silikon. Maganar takawa kuma, ai kana aiki ne a tsaye a ƙasan wanda kake yi, in ka yi uku huɗu sai ka shimfiɗa katako mai faɗi ka durƙusa a tsakiya ba a kan hanci ba, ko ka tsaya sai gobe. In gidan da mutane a ciki kuma ba wata hanyar hawa, raba aikin gida biyu, a hau da yamma kafin ka fara a kwana a sama.

Sukuru kuwa, a matakalar katako ni ina sakawa bayan gam, in huda da siririn bakin diril tukuna don kar ya tsage, in nutsar da kan, in cike da kakin da ya yi kala da shi. A kankare ne nake ja da baya, ba don gam ya fi ba, sai don hancin ɗan siriri ne, hujin zai faɗo dab da baki, diril mai duka kuma in ya shiga nan ɓalle kusurwar yake, musamman wadda aka cike jiya. To a naka ɗana gam ya isa in ka yi yadda aka faɗa maka. In na alminiyom ka zaɓa kamar yadda Hajiya Maman_Biyu ta ce, shi da hujinsa yake zuwa, sai fisha, robar nan da ake cusawa a huji ta riƙe, da sukuru, ka nemi mai faɗin sama don hujin ya ja baya daga baki, kuma ka kashe dukan diril ɗin a farkon huda. Ka tuna dai na can sama hujin kar ya bi ta cikin laminet ɗin korido.

Wani abu da ba wanda ya faɗa, kar ka auna taku ɗaya ka yanke duka a kansa. Ban taɓa ganin matakalar kankare da takunta biyu suka zo daidai ba, bango yana shiga yana fita. Kowanne da awonsa, gaba da baya, in gefen a karkace yake yi masa samfuri da kwali ko ka haɗa 'yan katakai biyu ka ɗauko karkatar ka kwafa a kan allon, ka rubuta lamba a bayan kowane yanki da fensir. Ka jera komai a busashe ka gani kafin ka buɗe gam. Faɗin taku yawanci ya fi allo ɗaya, to cikakken allon ya zo gaba wurin hanci, guntun ya koma baya inda ba a takawa sosai. Zarto mai ƙananan haƙora, 60 zuwa sama, in ba haka ba fatar hancin tsattsagewa take. Kayan kuma su kwana biyu a cikin gidan a kwance kafin a taɓa su.

Sabon_Maigida ya rubuta:

Kai jama'a na ƙaru, Allah ya biya ku. Na tsayar da shawara, mai leɓe ɗaya a sama, sauran mai lebur amma zan nemi wanda ya fi allon duhu kaɗan saboda maganar Hajiya, mariƙi ma akwai shi ta gefe ɗaya zan ƙara na bango. Na nuna wa mai aikin abin da kuka rubuta, ya ɗan yi gunaguni amma ya yarda.

Tambaya ɗaya ta rage Baba, taku huɗu na ƙasa gefensu ɗaya a buɗe yake ba bango, ana ganin su daga falo. In na yanke hancin a nan ai cikinsa zai fito a gani, ya ake yi da shi?

Tsohon_Kafinta ya rubuta:

Juya shi ake ya zagaya kwanar. Ka yanke ƙarshen hancin a digiri 45, ka yanko wani guntu shi ma 45 ta ɗaya hannun, su haɗu a kusurwa, guntun ya bi gefen takun ya tafi baya har ya wuce fuskar taku na gaba kaɗan. Ke nan allon takun nan huɗu sai ka rage masa tsawo daidai faɗin gindin hancin ta wannan gefen, kuma tunda ta nan yankakken baki ne ba shi da harshen da zai shiga tsagi, sai ka sare leɓen tsagin na ƙasa da kurfi su zauna gefe da gefe a kan gam. Kusurwar kankare ba lallai ta cika 90 ba, don haka fara gwadawa da ragowar guntaye kana ƙara rabin digiri kana ragewa har bakin ya rufe, sannan ka yanka na gaske. A haɗin ka ɗiga gam mai saurin kamawa kaɗan ya riƙe maka su kafin babban ya bushe, ka ja da tef ta kwanar. Can ƙarshen guntun na baya inda cikin zai fito, ko ka sake yi masa ɗan 45 ya koma jikin matakalar, ko ka goge shi da samfefa mai laushi ka shafa masa kaki ko fenti mai kalarsa, daga falo ba mai lura.

Ka sayi hancin da rara, ko sanda biyu, yankan kwana yana cin kaya kuma in ka koma neman ƙari ba lallai ka samu kalar ta zo ɗaya ba. In ginshiƙan mariƙin a kan takun aka dasa su ka ɗauko hoto ka saka mana tukuna, don wannan yankan daban ne.